Ƙwayar Rana

Shafi na 19

Masu cika mini akwatin saƙo da cewa bulala ce kaɗai maganin yaron nan, na gani, na karanta. Ku nemi wuri ku zauna.

Wanda yau ya fara shigowa: Walƙiya ɗan shekara takwas ne. Likita ya tabbatar yana da larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, wadda ake kira ADHD. An ɗora shi a kan ƙwaya biyu. Ta safe uwarsa ke ba shi a gida. Ƙarfinta ba ya kaiwa yamma, shi ya sa ta rana take hannun malamar ajinsu. Da safe yaro lafiya lau. Da rana sai komai ya rikice. Yau hedimasta ya kira iyayen.

*

Hedimasta ya zaro ɓarin gilashi daga aljihun tebur, ya ajiye a gabansu.

"Kun ga wannan? Aikin jiya ne. Ana tsakiyar darasi ya hango mage a kan katanga, sai ya bi ta. Ƙofa a buɗe take fa, amma ta taga ya fita."

Baban Walƙiya bai ɗago kai ba. Daga shagonsa na gyaran firji ya taho, rigar aiki duk maiƙo, filaya na leƙowa daga aljihu. Maman Walƙiya na gefensa, ta bar rigar mutane a ƙarƙashin allurar keken ɗinki ta fito. Malamar ajin na tsaye jikin kabad, ta rungume hannu. Shi kuwa Walƙiya yana waje a kan benci, ana jin dugadugansa suna bugun katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Makarantu biyu suka sallame shi kafin ku kawo mana," in ji hedimasta. "Na karɓe shi ne don kun ce yana kan magani. To ina aikin maganin?"

"Ranka ya daɗe, da safe ai kai ma shaida ne," in ji Maman Walƙiya. "Lissafinsa ya gyaru. Har karatu ya yi a gaban aji."

"Da safe ke nan. Mu kuma ba da safe muke tashi ba. Iyaye sun dame ni da ƙorafi. Takardar sallama ga ta nan na rubuta, sa hannu kawai ya rage."

"Ka yi mana haƙuri kaɗan. Yau da yamma za mu ga likita. Ya karanta rahoton da kuka aika masa, ya ce tunda ta rana ba ta riƙe shi, zai ƙara mata ƙarfi."

"A ƙara?" Sai yanzu mijinta ya tanka. "Kullum ana ɗura wa yaro ƙwaya kamar kazar gona, yanzu kuma a ƙara? Ni tun a gida na gaya miki. Idan suka kore shi a nan, an gama makaranta. Shago zai riƙa bina."

"Yaron da ya bi mage ta taga za ka kai cikin wayoyin wuta?"

"A can aƙalla idona na kansa."

Ta ƙyale shi, ta juya ga malamar.

"Malama, don Allah ki taimake ni. Yana haɗiyewa kuwa? Ko yana ɓoyewa a ƙarƙashin harshe ya tofar?"

Malama ta kalli fanka.

"Abin da na ba shi dai yana haɗiyewa."

"A gabanki?"

"A gabana."

"To ni na rasa gane..."

Ba ta ƙarasa ba aka banko ƙofa. Ƙofar ofishin ciki take buɗewa, don haka ta rufe iyayen a bayanta. Wadda ta shigo ba ta gan su ba. Gwaggo ce, ƙanwar Baban Walƙiya, tana jan ɗanta Auta da hannu. Aji ɗaya yake da Walƙiya. Ita ce ta fara kiran maganin nan ƙwayar mahaukata, a gaban dangi, har ana dariya.

"Malama! Ashe nan kika ɓuya? Zo ki ga yadda ƙwayar nan ta mayar mini da yaro! Ba barci, abinci sai na yi dambe da shi, yau tun safe ya dafe ƙirji wai zuciyarsa na gudu. Ni cewa na yi ki riƙa ba shi don ƙwaƙwalwarsa ta buɗe, ban ce ki..."

Ƙofar ta koma da kanta a hankali.

Gwaggo ta ga yayanta. Ta ga matarsa.

A waje bugun benci ya tsaya.

"Wace ƙwaya, Gwaggon yara?" Maman Walƙiya ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Au. Yaya, ashe kuna ciki. Sannunku. Ai... maganin tari ne."

"Maganin tari ne ke buɗe ƙwaƙwalwa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta durƙusa gaban Auta. Yaron ya rame, idanu sun faɗa, wuyan rigar makaranta ya yi masa yawa.

"Auta, ɗan albarka, dube ni. Me Malama take ba ka da rana?"

Ya kalli uwarsa.

"Ni za ka kalla. Ba wanda zai taɓa ka."

"'Yar fara ƙarama. Ta cikin kwalbar Walƙiya."

"Shi kuma Walƙiya me ake ba shi?"

"Alewa mai sanyi. Ita ma fara ce. Malama ta ce masa sabon samfuri ne."

Maman Walƙiya ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Kullum yaron ya dawo sai ta tambaye shi ko ya sha ta rana, kullum ya ce ya sha. Bai taɓa yi mata ƙarya ba. Shekaranjiya ma ya kifa kai a cinyarta yana cewa, "Mama, ina shan maganin fa, kaina ne ba ya ji."

Ta miƙe.

"Tun yaushe?"

Malama ta juya fuska wajen kabad.

"Da ke nake! Tun yaushe?"

"Tun farkon zango."

"Tun farkon zango kike ba ɗana alewa, kina rubuta wa likita cewa magani ba ya aiki? Kina tsaye a nan ana karanta masa takardar kora, ba ki ko yi tari ba?"

"Ki daina ɗaga mini murya," in ji Malama. "Ni ba ɓarauniya ba ce. Umarni aka ba ni."

"Wa ya ba ki?"

"Mai iko da yaron."

"Ni ce mai iko da..."

"Uban yaro ya zo har ƙofar aji da kansa."

Maman Walƙiya ta juya a hankali, kamar wuyanta ya sage.

Mijinta ya zaro filayar daga aljihu, ya buɗe ta, ya rufe, ya mayar.

"Baban Walƙiya."

"Eh. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na ce a daina ba shi ta rana. Guda ɗaya ta ishe shi." Ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Ke ba ki ga yadda yake zama ba in ya sha? Shiru kamar baƙo. Ɗana da ke hawa wuyana tun daga bakin ƙofa, na dawo na tarar da shi a zaune yana rubutu, ko ɗagowa bai yi ba. Abincin ma ya rage ci. Wani mai kawo mini gyara ya rantse mini irinta ce samari ke sha su lalace. In zuba ido a mayar mini da yaro ɗan ƙwaya?"

"Shi ne ka ba ɗan ƙanwarka?"

"Ta zo tana kuka, Auta na ƙarshe yake zuwa a aji. Ta ga lissafin Walƙiya ya gyaru. Na ce to ga wadda ta yi saura, maimakon a zubar. Ai ba bare aka bai wa ba. Jini ɗaya ne."

"Ƙwayar da za ta lalata ɗanka, ita ce za ta gyara nata?"

Ya mayar da idonsa ƙasa, ita kuwa ta ci gaba.

"Sau nawa na roƙe ka ka raka mu asibiti? Ka ce shago. Duk tsoron nan da kake ji, da ka je ka zube wa likita shi a tebur, ai da ya amsa maka. Maganar cin abinci ma da ya san yadda zai gyara. Amma mai kawo gyaran firji ya fi maka! Kafin a ba ɗanka ƙwaya ɗaya sai da aka auna nauyinsa, aka auna jininsa, aka saurari zuciyarsa, aka tambaye ni ko akwai mai ciwon zuciya a dangi. Wa ya saurari zuciyar Auta? Kai, da filaya?"

"Ke, ki iya bakinki, yayana ne," in ji Gwaggo.

"Ke kuma ki yi mini shiru. Ba ke ce kika ce ƙwayar mahaukata ba? Kin ji kunyar a gan ki a layin asibiti, amma ba ki ji kunyar bi ta bayan aji ba. Wa ma ya ce miki Auta irin larurar gare shi? Wataƙila allo ne ba ya gani. Wataƙila kunne ne. Kin taɓa kai shi an duba?"

Jama'a, ku bar ni in faɗi wannan, don ta ci mini rai. Haka muke. Magani ya yi wa wani aiki, sai ya zama na gida duka, a ɓalla wa maƙwabci, a ajiye wa baƙo. Na ciwon kai ma bai kamata ba, balle wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa da zuciyar yaro. Kuma duk wanda ke cikin ofishin nan zai rantse maka alheri ya yi niyya. Yara biyu ne ke biyan alherin.

Hedimasta ya tashi ya murza makulli. Fuskarsa ta canza. Mutumin da ɗazu yake juya ɓarin gilashi yanzu zufa yake sharewa.

"Kowa ya zauna. Mu yi magana ta manya."

Ba wanda ya zauna.

"Maganin nan ba irin wanda ake saya a kan tebur ba ne. Idan likita ya ji an karkatar da shi a cikin makarantata, zai kai rahoto. Hukuma za ta zo. Malama ta rasa aiki, sunan makaranta ya ɓaci, ku ma a tambaye ku. To ga shawara. Daga gobe yaro zai sha ƙwayarsa a nan ofis, a gabana. Takardar sallama kuma in yaga ta yanzu. Maganar ta mutu a ɗakin nan."

"Rahoton da kuka aika fa?" in ji Maman Walƙiya. "A kansa likita zai ƙara ƙarfin magani yau. Zai ƙara wa yaron da tun farkon zango bai sha ta rana ko guda ba."

"Sai ki karɓa. In kin zo gida ki riƙa ɓallawa biyu."

"In riƙa ɓallawa biyu."

"Ai mata kun iya dabara."

"Ranka ya daɗe, maganin ƙwaƙwalwar ɗana ne fa, ba sabulu ba."

Hedimasta ya ɗora yatsa a kan takardar.

"To bari in fito miki a mutum. Idan maganar nan ta fita, ba zan iya riƙe yaronki ba. Ba mugunta ba ce. Tagar dai ya fasa, ko bai fasa ba? Ƙorafin iyaye gaskiya ne, ko ƙarya? Kuma duk makarantar da kika nufa, ni za su kira su tambaya."

"Auta fa? Yaron nan yana buƙatar likita yau ɗin nan."

"Zan saya masa maganin ƙarin jini," in ji Gwaggo da sauri. "Tunda an daina ba shi ai zai wartsake."

"Zuciyarsa ke gudu, ke kina maganar ƙarin jini!"

"Ɗana ne ko naki?"

Baban Walƙiya ya kama hannun ƙofa.

"An gama. Ranka ya daɗe, mun gode. Mun karɓi shawara."

"Mun?" in ji matarsa.

"Mun."

Da aka buɗe ƙofa, Walƙiya na tsaye daf da ita, kunnensa ya yi ja saboda mannawa da katako. Yaron da ba a taɓa rufe masa baki ba, har suka fita daga harabar makaranta bai ce uffan ba.

*

Barandar asibitin cike take da iyaye da yara. Wata yarinya na kwance a ƙasa tana jera murafen kwalba. Baban Walƙiya ya zauna a bakin benci kamar wanda aka aiko, yana kallon takalmansa. Yau ne zuwansa na farko.

"Ki saurare ni," ya ce wa matarsa ƙasa-ƙasa. "Na yi kuskure, na ji. Amma in kika tona, Malama ta tafi, ƙanwata ta shiga uku, a kori yaro. Ke ce ba kya son ya bi ni shago. To ga makaranta an ba ki a hannu. Baki kawai za ki rufe."

"In rufe baki a rubuta masa abin da ya fi ƙarfinsa?"

"An ce ki ɓalla."

"In wata rana na kwanta ciwo fa? Wa zai ɓalla? Kai?"

"To ki zaɓa. Ni dai na faɗa miki."

Ta tuna ranar da Walƙiya ya karanta shafi guda a gaban aji, ya dawo da gudu jaka na dukan bayansa, yana ihu tun daga bakin layi cewa an tafa masa. Idan ta yi magana, wannan ya ƙare. Idan ta yi shiru, likita zai yi aiki da ƙarya a jikin ɗanta, gobe ma haka, jibi ma haka, don duk abin da zai rubuta nan gaba a kan ƙaryar zai ɗora.

Baban ya janyo yaron tsakanin gwiwoyinsa.

"Sarkin gudu. Kana son makarantarku?"

"Eh."

"Kana son a kore ka?"

"A'a."

"To in likita ya ce kana shan ta rana, me za ka ce?"

"Alewa ce ai, Baba."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Me za ka ce?"

Walƙiya ya kalli uwarsa. Ta kau da kai. Wallahi ta kau da kai.

"Ina sha," ya ce.

"Yauwa. Namiji."

Nas ta leƙo ta kira su.

Likita ya tarbe su da fara'a. Ya ɗora yaron a kan sikeli, ya ɗaura masa abin awon jini, ya sa abin sauraro a ƙirjinsa.

"Yau abokina ba surutu? Ko an yi faɗa a hanya?" Ya dubi uban. "Sannu da zuwa. Kai ne Baban Walƙiya? Na daɗe ina son ganinka."

"Aiki ne ya yi yawa, Likita."

"Haka ne." Ya koma kujerarsa, ya buɗe rahoton makaranta. "Abin nan ya ɗaure mini kai. Ƙwaya ɗaya ce, ƙarfi ɗaya. Ta yi aiki da safe, ta ƙi yi da rana. Yana faruwa, amma ba kasafai ba. Ba na son ƙara wa yaro magani sai dole. To amma ga shi ana maganar kora." Ya ɗauki biro. "Kafin in rubuta, tambaya ɗaya. Ta ranar nan, yana shan ta kullum?"

"Kullum," in ji Baban Walƙiya.

"Mama?"

Ta buɗe baki. Ta ji idon mijinta a gefen fuskarta. Ta kalli biron, ta kalli ɗanta, ta sunkuyar da kai.

Likita ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Biro ya sauka a kan takarda. Ya rubuta sunan maganin, ya zo wurin da zai sa ƙarfinsa, sai ya tsaya. Ya juyo da kujera, ya rage tsawo har idonsa ya yi daidai da na yaron.

"Mai shan abin ban tambaya ba. Abokina, kai fa? Kana shan ta rana?"

Hannun uban ya sauka a kafaɗar Walƙiya. Yatsun suka matsa.

Yaron ya ciji leɓe. Ya kalli ƙofa, ya kalli taga, ya kalli uwarsa. Hawaye ya taru masa.

"Likita," ya ce, "in na faɗa, za a kore ni daga makaranta?"

Likita ya ajiye biro.

Bai kalli yaron ba. Uban ya kalla.

"Ɗauke hannunka daga kafaɗarsa."